Labarinmu A Bakin Wa?

Jama'ar Wad Haddad da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da 'yan'uwanmu na Mai Wurno, Sinnar, Damazin, Gadarif da duk inda wannan rubutu ya riske ku:

Akwai wata sana'a da muka yi sakaci da ita, alhali ba ta neman jari, ba ta neman fili, ba ta jiran ruwan tur'a. Sana'ar ita ce iya bayani: mutum ya tsaya gaban wanda bai san shi ba, ya faɗi abin da ya same shi daga farko zuwa ƙarshe cikin tsari, har mai sauraro ya fahimta, ya kuma san abin da ake nema a wurinsa. Mun iya noma, mun iya su a kogi, mun iya fatauci da karatun allo, kowa ya shaida mana wannan. Amma a tsayar da ɗayanmu gaban jami'in hukuma ko ma'aikacin agaji a ce ya yi bayanin kansa, sai ka ga dattijo mai furfura yana kame-kame, ko ya sunkuyar da kai ya ce, "To, yadda kuka gani." Ra'ayinmu shi ne wannan rauni ya ci mana haƙƙoƙi da dama, a wasu lokuta ma ya taimaka wa masu neman jininmu, kuma gyaransa yana hannunmu.

Mu fara da tarihi, domin nan ne ciwon ya fi bayyana. A ranar 27 ga Yuli 1903 Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, har suka sauka gaɓar wannan kogi wajen 1906, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kudu da Sinnar. Kafin su da bayansu ayarin alhazai bai yanke ba, daga Kano da Katsina da Damagaram, a ƙafa da kan jaki, ana yada zango shekara da shekaru ana neman guzurin ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe aikin noman Jazira, hannuwan kakanninmu na cikin waɗanda suka yi ta tsinkar audugar da ta riƙe baitulmalin ƙasar nan shekaru masu yawa. To, wa ya rubuta wannan? Bature Mark Duffield ya zauna a Mai Wurno ya fitar da littafi a kanta a 1981. Bawa Yamba ya fitar da nasa a 1995 a kan alhazan da suka zama mazauna. Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Khartum, wanda shi ɗan gida ne, ya rubuta yadda Hausarmu ke cuɗanya da Larabci. Muna gode musu. Sai dai duk da Turanci aka yi waɗannan littattafai, suna ɗakunan karatu na jami'o'i, yaron da ke makarantar sakandare a nan kuwa, idan abokin karatunsa ya kira shi Fallati da nufin gori, ba shi da jimla uku a jere da zai faɗa game da yadda kakansa ya zo da abin da ya gina. Sai ya yi faɗa, ko ya yi shiru, ko kuma, wanda ya fi zafi, ya daina Hausa a bainar jama'a.

Kada wani ya ɗauka wannan zancen alfahari ne kawai. Dokar jinsiya ta 1957 ta ɗaure zama ɗan ƙasa da cewa kai ko iyayenka maza kuna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897, sai dokar 1994 ta dawo da iyakar zuwa 1 ga Janairu 1956. Ma'anar wannan a aikace ita ce takardar ɗan ƙasa, da lambar nan ta rakam watani da ta biyo baya, labari ne ake ba wa jami'i: wane ne ubanka, wane ne kakanka, a wane gari aka haife su, wa zai tsaya maka shaida daga dangin uba. Mun ga mutanen da kakanninsu ke kwance a maƙabartun ƙasar nan tun kafin a haifi jami'in da ke tambayarsu, amma aka yi ta mai da su baya, saboda sun kasa jera sunaye huɗu ba tare da saɓani tsakaninsu da shaidunsu ba. Gaskiya ne akwai jami'an da ko me ka faɗa, da sun ji lafazinka sun riga sun yanke hukunci. Amma mai tsararren bayani yana wahalar da azzalumi, mai ruɗaɗɗen bayani kuwa ya ba shi uzuri kyauta.

A zauren dattijon da muke yi wa hidimar rubutu, kusan kowane mako sai an kawo ƙara irin wannan: ruwa bai iso hawashar mutum ba, dawarsa na ƙonewa, yana so a rubuta wa hukuma. Sai ya fara daga rigimar da aka yi da mahaifinsa shekara talatin da suka wuce, ya bi ta kan auren da aka hana ƙaninsa, ya zagi maƙwabcinsa, rabin sa'a ta wuce ba mu ji sunan abu ishirin ɗin da ya toshe ba. Dole mu tsayar da shi mu yi masa tambayoyi: wace rana ruwan ya yanke? Faddan nawa ne? Kai ka ga an toshe, ko gaya maka aka yi? Me kake so a yi, kuma kafin yaushe? Amsoshin nan ba sa cika rabin takarda, su ne kuma kaɗai mufattish zai karanta. Sauran ɓacin rai ne, yana da wurinsa a zaure da kofin jabana, amma ba ya buɗe ruwa.

Abin mamaki shi ne ba baƙon ilimi muke kira a koyo ba. Duk wanda ya yi nisa a karatun zaure ya ji malaman balaga suna cewa magana ba ta cika sai ta dace da halin da ake ciki da mutumin da ake yi wa ita. Ana karanta Jauharul Maknun na Ahdari da Uƙudul Juman na Suyuɗi, ana haddace inda ya kamata a taƙaita da inda ya kamata a tsawaita, sannan a rufe littafi a bar ilimin a ciki, kamar an yi shi don fassara baitocin Larabawa kaɗai. Haka ilimin isnadi. Malaman hadisi sun shafe rayuwarsu suna rarrabe "na ji" da "an ce", suna bin kowane labari har bakin wanda ya gani da idonsa. Mu jikokin ɗalibansu, sai saƙon murya ya shigo WhatsApp cewa an kashe mutum goma a wani ƙauye, mu tura wa rukuni biyar kafin mu tambayi wanda ya faɗa.

Dubi kuma Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a fadar Najjashi, a ƙasar Habasha da wannan kogin namu ke gangarowa daga duwatsunta. 'Yan gudun hijira ne marasa rinjaye, Amru ɗan Asi ya zo da kyaututtuka yana neman a mai da su. Ja'afar bai fara da zagin Ƙuraishawa ba. Ya faɗi halin da suke ciki a da, ya faɗi abin da ya zo musu da abin da aka umarce su, ya faɗi abin da aka yi musu saboda shi, ya faɗi dalilin da ya sa suka zaɓi ƙasar wannan sarki, ya kuma karanta masa abin da ya san zai taɓa zuciyar Kirista, daga Suratu Maryam. Aka bar su suka zauna. Muna karanta wannan ƙissa a sira muna zubar da hawaye, ba mu cika lura cewa darasi ne na yadda 'yan tsiraru ke magana gaban mai iko ba.

Wannan ya kawo mu ga 2022, shekarar da ba ma son tunawa. A watan Yuli rikici ya ɓarke a jihar Nilul Azraƙ, a Ƙaisan da Rusairis da Damazin, a Oktoba ya sake tashi a Wad al-Mahi. Ɗaruruwan rayuka suka salwanta, dubban iyalai suka baro gidajensu, wasunsu a nan Jazira da Sinnar muka tarbe su. Laifin kisa yana wuyan wanda ya kashe, da 'yan siyasar da suka hura wutar don ribarsu, kada a juya mana magana. Amma mu tambayi kanmu: bukatar da aka gabatar ta a ba Hausawa sarauta a cikin tsarin idara ahaliyya, wa ya yi wa maƙwabtanmu bayaninta kafin maƙiya su yi? Kafin mu buɗe baki an riga an fassara musu ita da cewa baƙi sun zo ƙwace ƙasa. Da jini ya zuba, matasanmu suka cika titunan Kassala da Khartum da Bur Sudan, duniya ta ji muryarmu, wasu suka fara sanin akwai mu. Sai dai muryar fushi ce, ta zo a makare. Shekara da shekaru muna cin kasuwa ɗaya da mutanen nan, muna sallah sahu ɗaya, ba mu zaunar da 'ya'yansu mun ba su labarinmu yadda za su iya maimaita shi ba.

Za a ce mana kunya da kara ne adon Bahaushe, baki kuma shi ke yanka wuya. Haka ne, iyayenmu ma da shiru suka tsira a lokutan da magana ke iya sa a kori mutum daga ƙasa, ba za mu raina hikimarsu ba. Amma kunya tsakanin suruki da surukinsa take, da ɗa da mahaifi. Ba a yi ta don gaban alƙali ba, ko gaban likita da ke tambayar yaushe ciwon ya fara, ko zaman judiyya inda ajawid ke jiran kowane ɓangare ya shimfiɗa hujjarsa. A ɗaya gefen kuma akwai samarin da ke kunna bidiyon kai tsaye a Facebook suna ihu sa'a guda, suna zagin ƙabilu da sunansu. Su ma ba su iya magana ba. Abin da suka faɗa cikin zafin rai a Riyad ko Alƙahira, tsohuwar da ke sayar da ƙosai a tashar mota a nan ita ke biyan kuɗinsa.

Makarantar farko ta wannan fanni a tsakar gida take, mun kuwa bari tana rufewa. Tatsuniya horo ce. Yaron da ya ji "ga ta nan ga ta nanku" ya amsa, ya bi Gizo da Ƙoƙi har "ƙurunƙus", sannan aka ce gobe shi zai yi, ya koyi cewa labari yana da kai da ciki da wutsiya, cewa ba a faɗin ƙarshe kafin lokacinsa, cewa idan masu sauraro sun fara gyangyaɗi laifinsa ne. Ba banza ba Abubakar Imam ya sa wa littafinsa suna Magana Jari Ce. Iyayenmu mata ne malaman wannan makaranta, kamar yadda Nana Asma'u ta dogara da jajis wajen kai ilimi ƙauyuka da baki. A'ishatu Fallatiya ma, wadda muryarta ta fita a Rediyon Umdurman a 1942 ta buɗe wa matan Sudan ƙofar waƙa a rediyo, daga gida irin namu ta fito, ta yi waƙa da Larabci da Hausa, ƙasar nan kuma ba ta manta da ita ba tun rasuwarta a 1974. Harshe biyu da muke da su dukiya ce, in dai mun ƙware a kowanne. Abin tsoro shi ne yaro ya tashi da rabin wannan da rabin wancan, ya kasa rubuta takardar neman aiki da Larabci, ya kasa yi wa kakarsa bayanin abin da likita ya ce da Hausa.

Yaƙin da ya fara a 15 ga Afrilu 2023 ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Wad Madani ta faɗi a Disamba 2023, ba ta dawo hannun soja ba sai Janairu 2025, abin da ƙauyukan Jazira da mazauna kanabi suka gani a tsakani da bayan haka kuwa, kowa ya san nasa. Wata rana za a zauna a yi lissafi: wa aka kashe, wa aka wawashe wa dukiya, wa za a biya diyya, wa za a mayar wa gonarsa. Ƙabilun da ke da lauyoyi da 'yan jarida sun riga sun fara tara nasu. Idan muka je wannan zama da "an yi mana ɓarna mai yawa" kawai, za a yi mana jaje a sallame mu.

Don haka muke roƙon limamai da malaman halwa da shugabannin matasa abu ƙarami. A kowane ƙauye a sami mutum biyu, namiji da mace, masu waya da haƙuri, su zauna da tsofaffi ɗaya bayan ɗaya su naɗi muryarsu: sunan uba da kaka, garin da aka baro, hanyar da aka biyo, shekarar da aka sauka, ko abin da ya faru a shekarar idan ba a san lambarta ba. Su zauna kuma da waɗanda yaƙi ya shafa, da yardarsu, a rubuta rana da wuri da abin da ido ya gani daban da abin da kunne ya ji, a ɓoye sunan duk wanda ke tsoron a san shi. A ajiye kwafi biyu a gidaje biyu, ɗaya a takarda, domin waya tana ɓata, wuta kuma tana ɗaukewa. Ranar Alhamis da ba a karatun allo, a ware sa'a guda yara su riƙa tashi suna ba da labarin gidansu, sau ɗaya da Hausa, sau ɗaya da Larabci, malam yana tsayar da su da tambaya idan sun tsallake wani abu. Mu a nan za mu fara da tsofaffin da suka haura shekara tamanin, da zarar an kammala girbin dawa.