Bokitin alayyafo ba ya maye gurbin albashi, amma a shuka shi

Duk malamin da ya tsaya gaban mai kayan miya a watannin Mayu da Yuni na 2024 ya san halin da aka shiga. Tumatir ya koma abin ƙirgawa ɗaya-ɗaya, attaruhu kuwa sai a ba ka ƙwaya huɗu ana kallonka kamar an yi maka alfarma. Ba a nan aka fara ba. A 2016 tsutsar da ake kira Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Ko babu tsutsa, tumatirinmu na noman rani ne, da damina ta kankama sai ya yi ƙaranci, ga kuɗin mota da ya hau tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023.

Saboda haka nake kira ga 'yan uwa malamai, musamman mu da ke zaman haya a bene ba mu da ko taku ɗaya na ƙasa, da mu mayar da barandarmu ɗan ƙaramin lambu.

Da na kawo wannan magana a ɗakin malamai, wani babban abokin aikinmu ya ajiye jan bironsa ya ce, "Malam, so kake mu koma 'yan lambu don gwamnati ta samu barci?" Ban ga laifinsa ba. Duk lokacin da abinci ya yi tsada, shawarar da ke saurin fitowa daga sama ita ce kowa ya shuka a bayan ɗakinsa. Haka aka yi a 1976 da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, haka kuma aka yi a 2024 da uwargidan shugaban ƙasa ta fito da gasar lambu a kowane gida. A shekarar ta 2024 ne aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, amma sai da malaman firamare na Abuja suka shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan aiwatar da ita da biyan bashin da suke bi. Wanda ke riƙe da haƙƙinka ba shi ne zai koya maka dashen albasa ba. Idan wani jami'i ya nuna bokitina ya ce ga maganin tsadar rayuwa, ni ne farkon wanda zai ƙaryata shi.

Sai dai tsakanin taron sulhu da taron sulhu, tukunya ba ta jira. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Baranda ba za ta ba ka masara ko shinkafa ba, ba kuma za ta raba ka da kasuwa ba. Abin da take iyawa shi ne ta ɗauke maka cefanen ganye, wato kuɗin nan da ke fita kullum ba a lura da shi sai wata ya kai ashirin.

Ganye ne ya kamata a fara da shi, domin shi ne mai saurin biya. Alayyafo yakan isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, kuma idan aka yanke shi aka bar kututturen da 'yan ganyaye a ƙasa, zai sake tofowa. Rama da yakuwa da lalo duk suna yi a bokiti. Albasa mai lawashi ba ta ma buƙatar iri: gindin da uwargida ke yankewa ta zubar, shi za a soka a ƙasa. Na'ana'a da ɗoɗɗoya da shuwaka daga reshe suke kamawa, sai dai a ba na'ana'a mazubinta ita kaɗai, don takan mamaye maƙwabtanta. Tumatir da attaruhu da tattasai su ne masu jan hankali, su ne kuma masu ba da kunya. Suna son rana ta aƙalla awa shida, da mazubi mai zurfi kamar bokitin fenti na lita 20, tushe ɗaya a kowane bokiti. Lokacinsu hunturu ne. A zafin Maris da Afrilu furen tumatir zubewa yake yi. Wanda barandarsa ba ta samun rana sosai, ya haƙura da su ya tsaya a ganye.

Mazubi ba abin saye ba ne. Tsohuwar jarka da aka yanke, buhun shinkafa, randar da ta tsage, duk sun wadatar, muddin an huda ƙasansu ruwa ya riƙa fita. A haɗa ƙasa mai kyau da ɗan yashi da takin da ya ruɓe. Na jaddada ruɓewar ne don na sha a jikina: a karon farko ɗanyen kashin kaji na zuba, cikin kwana uku dashen ya ƙone ƙurmus, yara suka yi ta yi mini dariya, malamin da ke koyar da wasu ya kashe alayyafo. Ruwan wanke shinkafa da na alwala sun isa ban-ruwa safe da yamma, wanda hakan ke da muhimmanci ga mai sayen ruwa wajen 'yan garuwa, amma ban da ruwan wanki mai omo. Ƙwari kuwa, a jiƙa dakakken ganyen darbejiya ya kwana, a tace a fesa da yamma.

Akwai haƙƙin maƙwabtaka da bai kamata malami ya taka ba. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana da nauyi, don haka a jera manyan bokitai jikin bango, kada a ɗora komai a kan ƙarfen baranda inda iska ko yaro zai iya turo shi kan mai wucewa. A sa faranti ya tare ruwa, kada ya ɗiga kan shanyar na ƙasa, a kuma riƙa zubar da shi don kada a yi kiwon sauro. A sanar da mai gida tun kafin ya gani da idonsa.

Abin da ya fi damuna ma ba cefanen ba ne. A makarantu da dama an gina azuzuwa ko shaguna a inda gonar makaranta take, mun koma koyar da aikin gona a kan allo. Yaro zai zana tsiron wake, ya rubuta sunayen sassansa, ya ci jarrabawa, alhali bai taɓa ganin ƙwaya ta fasa ƙasa ba. Bokiti goma a gaban aji, kowane rukuni da nasa, suna auna tsawo suna rubutawa kowace Juma'a, darasi ne na kimiyya da lissafi da ɗaukar amana wanda ba ya jiran kasafin kuɗi. Malamin da ya gwada a gidansa shi zai iya tsayawa a kansa a makaranta.

Ina roƙon shugabannin reshenmu su ware minti goma a ƙarshen taron wata-wata don musayar iri da dashe, bayan an gama batun ƙarin girma da bashin albashi, ba kafinsa ba. Malaman aikin gona da ke cikinmu su duba mana abin da ya ƙi yi. A taro mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan zo da irin alayyafo da rassan ɗoɗɗoya da na'ana'a. Mai so ya taho da leda da ɗan tsumma mai laima.