Filin Kiwon Lafiya: Ninki Goma Sha Huɗu Na Me?

Sau da yawa akan ji a rediyo ko a karanta a jarida cewa masu yin abu kaza sun fi sauran jama'a haɗarin kamuwa da cuta kaza har ninki uku ko huɗu. Nan take sai hankalin wani ya tashi, wani kuwa ya ce ai zancen Turawa ne kawai. Da mai firgita da mai musu, ya kamata su san inda likitoci kan samo irin wannan adadi.

A shekarar 1950 wasu masana biyu a Ingila, Richard Doll da Austin Bradford Hill, suka buga sakamakon binciken da suka yi a asibitoci 20 na birnin Landan. Sun tambayi maza 649 masu ciwon daji na huhu ko suna shan taba, suka kuma tambayi waɗansu majinyata maza 649 waɗanda ba su da wannan ciwo. Cikin masu ciwon, mutum 2 kacal ne ba sa sha. Cikin ɗaya rukunin kuwa mutum 27 ne.

To, ga yadda lissafin yake. A wajen masu ciwon, mashaya 647 ne ke fuskantar mutum 2, watau wajen 323 ga kowane mutum guda da ba ya sha. A ɗaya ɓangaren mashaya 622 ne ke fuskantar 27, watau wajen 23 ga mutum guda. In aka raba 323 gida 23 sai a sami 14. Wannan shi ne abin da za a iya kira awon rinjaye. Da ya tsaya a kan 1, da babu bambanci ke nan tsakanin mashayi da wanda ba ya sha. In ya haura 1 akwai alamar haɗari, in ya gaza 1 akwai alamar kariya.

Sai dai fa 14 ɗin nan ba ya nufin mashaya 14 cikin 100 za su kamu. Kwatanci ne tsakanin rukuni biyu, ba ya gaya wa mutum yawan waɗanda cutar za ta kama. A 1951 wani masanin lissafi a Amurka, Jerome Cornfield, ya nuna cewa awon rinjaye kan yi kusa da ainihin ninkin haɗari in cutar ba ta yawaita cikin jama'a ba, kamar dai ciwon daji na huhu. In kuwa cuta ce ruwan dare, sai awon ya kumbura. Alal misali, a ce wata cuta na kama 50 cikin 100 a wannan gari, 80 cikin 100 a wancan. Haɗarin bai ko kai ninki biyu ba, amma awon rinjaye zai ba da 4, domin 80 a kan 20 ake gwadawa da 50 a kan 50.

Kana kuma a lura da ƙarancin adadi. Da mutanen nan 2 sun zama 4, da 14 ya faɗo zuwa 7. Shi ya sa masu bincike kan faɗi iyakar ƙasa da ta sama inda suke zaton gaskiyar take. In tazarar ta haɗa da 1, maganar ba ta tabbata ba tukuna.

Daɗin daɗawa, haɗuwar abu biyu ba ta isa hujjar cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan ba. Doll da Hill ba su tsaya nan ba. Daga 1951 suka shiga bin diddigin likitocin Birtaniya wajen 40,000, kuma tun 1954 aka fara ganin cewa gwargwadon yawan tabar da mutum ke sha, gwargwadon yadda ciwon ke kisa.

Saboda haka duk wanda ya ji an ce ninki kaza, sai ya tambaya: ninkin me, mutum nawa aka duba, kuma cutar ta yawaita ko ba ta yawaita ba? Matambayi dai ba ya ɓata.