Ra'ayinmu: Digirin Kimiyya Ba Ya Hana Yaro Zama Akanta

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakanin 'yan'uwanmu mazauna Kudu, tun daga Agege da Idi-Araba a Ikko har zuwa Sabon Badun da Shagamu, wai yaron da ya yi digiri a fannin kimiyya ba shi da hanyar zama ƙwararren akanta sai ya koma jami'a ya sake shekara huɗu. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma tana jawo wa jama'armu hasara. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Ƙungiyar Ƙwararrun Akantoci ta Nijeriya, watau ICAN, wadda aka kafa da dokar majalisa mai lamba 15 ta shekarar 1965, tana karɓar duk wanda ya riƙe digiri daga jami'ar da hukuma ta amince da ita, ko babbar difloma ta kwalejin fasaha, ya yi rajista a matsayin ɗalibi, ko da me ya karanta. Wanda ya karanci ilmin haɗa sinadarai, ko ilmin halittu, ko lissafi, ko aikin gona, ko injiniya, duk ƙofar a buɗe take gare shi. Bambancin kawai shi ne wurin farawa. Jarrabawar hawa uku ce: matakin tushe, matakin ƙwarewa, da matakin ƙarshe. Mai digirin akanta akan yafe masa wasu takardu, musamman in ICAN ta amince da kwas ɗin makarantarsa. Mai digirin kimiyya kuwa daga tushe zai ɗauko, ya koyi rubuta littattafan kuɗi da dokar kasuwanci da sha'anin haraji da binciken asusu, har ya kai ƙarshe. In ya gama, satifiket ɗinsu iri ɗaya ne, ba a rubuta wa kowa abin da ya karanta a jami'a.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. A Ingila, inda aka kwaikwayo tsarin, manyan kamfanonin akanta sun daɗe suna ɗaukar masu digirin lissafi da kimiyya da tarihi, su horar da su. Ƙungiyar ACCA ta can, wadda ake zana jarrabawarta a nan Nijeriya, ita ma ba ta ce sai mai digirin akanta ba, sai dai kuɗinta da fam ake biya, kuma kowa ya san yadda naira take a gaban fam. Ita kuwa ƙungiyar ANAN, wadda aka kafa a 1979 ta kuma sami dokarta a 1993, kwalejinta da ke Kwall kusa da Jos an gina ta ne tun asali domin waɗanda suka riga suka karanci akanta. Saboda haka a ganinmu hanyar ICAN ita ta fi miƙewa ga ɗan kimiyya. Har ma yaron da bai shiga jami'a ba yana da tasa ƙofar, watau jarrabawar ATSWA mai kashi uku, wadda ake shiga da sakamakon sakandare mai kyau a darussa biyar, ciki har da Turanci da lissafi.

To, me ya sa muka ɗauki wannan batu da zafi? Dalilinmu Abuja ne. Tun da Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, aka kuma tare a cikinsa ranar 12 ga Disamba 1991, asusun ƙasa ya bar Ikko ya koma can. Ofishin Babban Akanta na Tarayya, da na Babban Mai Binciken Kuɗi, da hedkwatar Babban Bankin Nijeriya, da hukumar tara haraji, da hukumomin EFCC da ICPC, duk a Abuja suke, kuma kowannensu da akantoci yake aiki. Sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya ce a yi rabon muƙamai yadda kowane ɓangare na ƙasa zai sami wakilci. Amma fa doka gurbi take tanada, ba ta ba mutum takardar da bai nema ba. Ranar da aka ce a kawo ƙwararru daga jiha kaza aka rasa, ko dai gurbin ya zauna wofi, ko a cike shi da wani, sa'an nan mu dawo muna kukan an danne mu.

Aikin ma kansa ya sake kama. Tun 2007 aka fara biyan albashin ma'aikatan tarayya ta tsarin kwamfuta na IPPIS, a 2015 kuma aka tilasta wa ma'aikatu zuba kuɗaɗensu a asusun bai ɗaya. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a 2025 su ma sun ƙara wa masu sana'a buƙatar wanda ya iya tsara littattafai. Akantan yau da alƙaluma masu yawa da na'ura yake fama, kuma nan ne yaron da ya sha lissafi da gwaje-gwaje shekara huɗu yake da fifiko. Wanda ya saba auna abu sau uku kafin ya rubuta sakamako ba zai sha wuyar gano inda aka yi wa asusu coge ba.

Kada wani ya ce wannan sana'a ba ta 'yan Arewa ba ce. Gaskiya ne Cif Akintola Williams, wanda ya ci jarrabawarsa a Ingila a 1949, shi ne ya share fage, kuma Kudu ta riga mu nisa. Amma marigayi Alhaji Hamza Zayyad, Wazirin Katsina, akanta ne, kuma shi aka damƙa wa kwamitin sayar da kamfanonin gwamnati a 1988. Alhaji Umaru Mutallab na Funtuwa akanta ne, ya yi minista, ya kuma shugabanci hukumar First Bank. Ita kanta ICAN 'yan Arewa sun shugabance ta, kamar Alhaji Kabir Alkali Muhammad a 2013, da Malam Isma'ila Zakari a 2017, da Malam Tijjani Musa Isa a 2022.

Wasu iyaye kuma tsoron riba ne yake hana su barin 'ya'yansu. Wannan damuwa ce mai tushe, ba mu raina ta ba. Sai dai akanta ba a bankin ruwa kaɗai yake aiki ba. Asibiti da masana'anta da hukumar alhazai da makaranta duk suna riƙe da akanta. Bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank da ya biyo baya a 2019, dukansu ba sa mu'amala da ruwa, kuma hedkwatarsu a Abuja take.

Amma ba za mu ɓoye wa matasa wahalar ba. Jarrabawar ICAN ba ta san ɗan wane ba, mutane da yawa sukan faɗi takarda su maimaita. Ɗan kimiyya da ya fara daga tushe ya shirya wa shekaru na karatun dare da na ƙarshen mako, ga kuɗin rajista da na jarrabawa da na malaman darasi. Bayan cin jarrabawa kuma, mai son buɗe ofishin kansa sai ya yi aiki a ƙarƙashin gogaggu kafin a ba shi lasisi. Wanda ba ya sha'awar aikin, kwaɗayin albashi kawai ya kawo shi, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. Haka nan ba mu ce kowane ɗan kimiyya ya watsar da fanninsa ba, domin Arewa na matuƙar bukatar malaman kimiyya da masu aikin ɗakin gwaji. Muna magana ne a kan dimbin yaran da suka gama bautar ƙasa suka zauna shekara biyu ko uku babu aiki, suna tsaron shagon babansu.

Ku mazauna Kudu kun fi kowa sauƙi a wannan harka. Hedkwatar ICAN tana titin Idowu Taylor a Victoria Island, kuma makarantun darasi sun fi yawa a Ikko da Badun. Yaro ya je da takardunsa da kansa ya tambaya, zuwa da kai ya fi aike. A guji 'yan tsakani da ƙungiyoyin bogi masu sayar da satifiket a kwana talatin.

Kiranmu na farko ga Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwannin shanu da goro da kayan gwari ne. Miliyoyin naira na ratsa hannuwanku kullum a Mile 12 da Oko-Oba da Bodija, amma sau da yawa lissafin a ka yake, ko a ɗan littafin da mai shi kaɗai ya iya karantawa. In ya rasu sai gado ya rikice, dukiya ta watse. Kowace ƙungiya ta ɗauki nauyin yara biyu ko uku a shekara, maza da mata, su dawo su riƙe mata littattafai.

Kira na biyu ga gwamnatocin jihohin Arewa ne. Yaron da aka haifa a Shagamu, jihar da yake zaune ba ta ɗauke shi ɗanta ba, jihar iyayensa kuma ba ta san da zamansa ba. Ya kamata hukumomin ba da tallafin karatu su sa kuɗin jarrabawar ƙwararru cikin kasafinsu, su kuma buɗe wa 'ya'yansu na Kudu hanyar nema ta ofisoshinsu na Ikko da Abuja.

Kujerun nan na Abuja ba za su jira kowa ba. Uban da ke da ɗan kimiyya zaune a gida ya kira shi yau su yi shawara. Allah ya sa a ji, a kuma yi aiki da abin da aka ji.