Sharhi: Kukan Masu Kwamfuta Kan Windows 11

Sharhinmu na yau zai duba yadda mutane suka karɓi Windows 11, babbar manhajar nan da ke tafiyar da kwamfuta tun daga kunnawa har zuwa kashewa, da kuma inda lamarin ya taɓa mu.

A ranar 5 ga watan Oktoba na shekarar 2021 ne kamfanin Microsoft na Amurka ya saki wannan manhaja. Tun kafin ta shiga hannun jama'a, ce-ce-ku-ce ya ɓarke. Wasu sun yaba kyan fuskarta da tsabtar tsarinta, wasu da yawa kuwa sun yi ta ƙorafi. Idan aka saurara da kyau, za a ji cewa ƙorafin nan iri biyu ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko ƙorafin sabo ne. Maɓallin Start, wanda yake zaune a kusurwar hagu tun zamanin Windows 95, sai aka wayi gari an dawo da shi tsakiya. Sandar da ke ƙasan allo, wadda a da mutum yake iya kai ta sama ko gefe, aka kafe ta wuri guda. Aka hana jawo fayil a ɗora a kanta. Wanda yake son barin manhajar shiga intanet ta Edge ya koma Chrome ko Firefox sai ya sha zagaye. Akawu ko ɗalibin da ya shekara goma hannunsa ya san hanya, dole ya ji haushi.

Irin wannan kuka yana da magani, kuma tarihi ya nuna haka. A shekarar 2012 Microsoft ya fitar da Windows 8, ya cire maɓallin Start gaba ɗaya. Jama'a suka ƙi amincewa, sayen manhajar ya yi sanyi, sai ga shi a 2013 an dawo da maɓallin, a 2015 kuma Windows 10 ta dawo da cikakken jerinsa. Haka ma a wannan karon: cikin shekarar 2022 an sauƙaƙa sauya manhajar shiga intanet, an kuma dawo da jawo fayil zuwa sandar. Wato dai ƙorafin mai saye ba ya faɗuwa ƙasa banza, matuƙar an yi shi da murya ɗaya.

Ƙorafi na biyu shi ne mai nauyi. Kamfanin ya gindaya sharaɗi cewa kwamfuta ba za ta karɓi Windows 11 ba sai tana da wata 'yar na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma sai ƙwaƙwalwarta ta kasance ta Intel zubi na takwas, wanda ya fara fitowa a 2017, ko Ryzen 2000 na kamfanin AMD, ko waɗanda suka biyo bayansu. Da wannan sharaɗi aka rufe ƙofa ga miliyoyin kwamfutoci masu ƙoshin lafiya. Masu su suka yi ta tambaya: na'urata tana aiki lafiya lau, don me zan yar da ita? Kamfanin ya ce dalilinsa tsaro ne, kuma gaskiya ne masu kutse sun ƙara wayo. Amma kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasin cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama shara sanadiyyar wannan mataki. Jan ƙafar da mutane suka yi ma shaida ce: a alƙaluman StatCounter, sai a watan Yuli na 2025 masu amfani da Windows 11 suka zarce na Windows 10, bayan kusan shekara huɗu.

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kulawar da ya saba. Ya buɗe wata 'yar taga ta ƙarin kariya har zuwa 13 ga Oktoba, 2026, ga wanda ya biya dala 30 ko ya cika wasu sharuɗɗa ta asusun Microsoft. Kwamfuta ba za ta mutu ba don wa'adi ya cika, sai dai duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano, ba mai toshe ta. Wanda ya tuna da WannaCry, cutar kwamfutar da ta bazu ƙasashe kusan 150 a watan Mayu na 2017 har ta tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya, ya san abin da kwamfuta marar kariya ke jawowa.

To, masu sauraro, ina abin ya shafe mu? Mafi yawan kwamfutocin da ke hannunmu na hannu ne, 'yan kwatano daga Turai da Amurka. Su ne a shagunan buga takardu, su ne a makarantu, su ne a jakar ɗalibai. Abin da ofisoshin can suka sauke, shi ne ke cika shagunan Computer Village a Ikeja da na Farm Centre da titin Beirut a Kano. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na'urorin da Windows 11 ta ƙi karɓa a can, nan za a turo su da farashi mai jan hankali. Wani mai gyara zai iya cusa musu manhajar ta bayan fage, ka gani a allo ka ɗauka ka yi dace, alhali kamfanin ya fito fili ya ce ba ya lamunce wa irin waɗannan na'urori sabuntawa.

Saboda haka, kafin ka miƙa kuɗinka, ka duba lambar ƙwaƙwalwar. Idan ta Intel ce kuma lambar da ke bin i5 ko i7 ta fara da 4, 5, 6 ko 7, galibi tsohon zubi ne. Ka saya da sani, a farashin da ya dace da ita. Wanda kuma yake da irinta a gida, kada ya yi gaggawar jefarwa. Akwai manhajojin Linux na kyauta, irin su Linux Mint da Ubuntu, da ke tafiya sumul a tsofaffin na'urori, suna kuma biyan buƙatar rubutu, lissafi da shiga intanet.

Muna kira ga 'yan kasuwa da masu gyara su ji tsoron Allah su faɗa wa mai saye gaskiya. Muna kira ga makarantu da ma'aikatu su ƙidaya kwamfutocinsu, su san waɗanda suka rasa kariya, musamman masu ɗauke da bayanan jama'a. Kwalejojinmu kuma su fara koya wa matasa Linux da gaske, domin kada aikin ƙasa guda ya rataya a kan shawarar kamfani ɗaya.