Wasiƙa Zuwa ga Magina Masana'anta a Wasan Factorio



Da fatan bel na gudu, ƙwari ba su fasa wa kowa katanga ba.

Dalilin wannan wasiƙa wata ɗabi'a ce da ta zama mana ruwan dare. Mutum zai buɗe sabuwar taswira, ya haƙo tama da tagulla da kwal, ya kafa kwalaben bincike ja da kore, komai na tafiya sumul. Da zarar ya isa bakin ɗanyen mai sai jikinsa ya yi sanyi. Ya waiwaya ya ga bel ya ƙetare bel, bututu ya shiga ƙarƙashin bututu, abin nan da 'yan wasa ke kira taliya, sai ya ce: bari in sake sabo, wannan karon a tsare. Ya sake, ya dawo bakin man, jikin ya kuma mutuwa. Da yawanmu mun haddace farkon wasan nan kamar sunanmu, amma ba mu taɓa ganin roka ta ɗaga ba. Shawarata ita ce ku daina sakewa.

Su kansu waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun san nan ne ake zubewa. Michal Kovařík ya fara rubuta shi a 2012, kamfaninsu Wube Software da ke birnin Prag na Jamhuriyar Cek bai fitar da cikakkensa ba sai ranar 14 ga Agusta 2020. A tsakanin nan, a 2019, suka sauƙaƙa matakin farko na tace mai domin sabbin shiga: ɗanyen mai 100 ya ba da iskar gas 45 kawai, babu wani abu da zai biyo baya ya toshe bututu. A wannan sauyin ne kuma suka mayar da mutum-mutumin gini bayan kwalbar bincike shuɗiya. Ku dubi abin da wannan ke nufi. Wanda ya gudu a bakin mai ya gudu ne ana saura ƙiris ya sami ma'aikatan da za su rushe masa tsohon gini su tayar da sabo cikin 'yan mintuna, yana tsaye hannu a aljihu. Ga shi duk abin da aka tsince daga ƙasa yana dawowa ne cikakke, ba a asarar ko bel ɗaya. Fili kuwa da wuya ya ƙare, taswirar murabba'i miliyan biyu ce ta kowane ɓangare. To me ya yi zafi? Ku bar tsohuwar masana'anta tana ƙera muku bel da hannuwan inji da tanderu, ku matsa gefe ku gina mai tsarin da kayan da take fitarwa. Mummuna ce, na yarda, amma tana aiki, kuma binciken da ta riga ta biya muku ba ya bin ku zuwa sabuwar taswira.

Abin da ya kamata ku koya a madadin sakewa shi ne karanta bel. Wanda ya taɓa kai niƙa ya san karatun: in kwanuka sun yi layi a bakin inji, injin ne ya gaza, in mai inji na zaune yana hamma, hatsin ne bai zo ba. Bel da ya cika ya tsaya cik ba matsala ba ne, yana gaya muku cewa abin da ke gabansa ya ƙoshi ko ya cije. Bel da ya zama wayam shi ake bi a koma baya, inji bayan inji, har a isa inda kayan suka yanke. Ku danna Alt tun daga farko ku bar shi a kunne, kowane inji ya nuna abin da yake ƙerawa. Ku riƙa danna P kuna duba jadawalin abin da ake samarwa da abin da ake cinyewa. A can ake ganin ci gaba, ba a kyan hoto ba.

Akwai 'yan lissafi kaɗan da suka isa a riƙe da ka. Bel rawaya na ɗaukar kaya 15 a daƙiƙa, ja 30, shuɗi 45. Tanderun dutse na narka farantin ƙarfe ɗaya a daƙiƙa 3.2, saboda haka tanderu 48 ne ke cika bel rawaya ɗaya, injin haƙa mai lantarki 30 kuma ke ciyar da su. Wanda ya jera tanderu sittin a kan bel rawaya ɗaya yana mamakin na ƙarshen layi ba sa ci, ba tsari ne ya gaza masa ba, bel ɗin ne iyakarsa ke nan. A wajen allon lantarki kore, injin waya uku ga injin allo biyu. Kuma ku ninka duk abin da kuke zaton ya ishe ku na allon nan, don babu abin da masana'anta ke lashewa kamarsa.

Mu koma kan man, tunda shi ne dodon. Idan kuka hau mataki na biyu, matatar za ta karɓi ɗanyen mai 100 da ruwa 50 ta fitar da abu uku: mai kauri 25, mai tsinkakke 45, iskar gas 55. Sirrin duka a jimla ɗaya yake: in ɗaya daga cikin ukun ya rasa wurin zuwa, matatar gaba ɗaya ta tsaya. Shi ya sa za ku ga roba ta yanke, farar wuta ta yanke, kwalba shuɗiya ta tsaya, ku yi ta neman laifin gas, alhali mai kaurin ne ya cika bututunsa. Ƙara tanki ba magani ba ne, jinkirta ciwon ne kawai, tanki 25,000 yake ci ya cika. Maganin a fasa: mai kauri 40 ya koma tsinkakke 30, tsinkakke 30 ya koma gas 20. Ku fara ware wa man shafe inji rabonsa daga mai kauri, ku ware wa man roka nasa daga tsinkakke, ragowar ku fasa. Waya ɗaya tak daga tanki zuwa famfo, da umarnin ya kunna in tankin ya haura wani adadi, ta isa ta riƙe muku wannan ma'auni har ƙarshen wasa. Masu tsoron wayoyin umarni, daga nan ya kamata ku fara.

Wuta ma tana da nata tarkon. Tukunyar tururi ɗaya na ɗaukar injin tururi biyu, kowanne kilowat 900. Da buƙata ta haura abin da ake samarwa, komai sai ya rage gudu, har da injinan haƙar kwal da hannuwan da ke zuba shi a tukunya. Kwal ya ragu, wuta ta ƙara raguwa, haka har masana'anta ta yi tsit. Ku sa wa wasu tukwanen hannu mai cin kwal da kansa, ku kuma saita marabar bel ta fifita tashar wuta kafin tanderu. In za ku koma sola, ku tuna faranti kilowat 60 yake bayarwa da tsakar rana amma matsakaicinsa 42 ne, kuma kowane faranti 25 na son batir kusan 21. Mu da wutar gidanmu ta gaske ke ɗaukewa ba sallama, kada mu kuskura mu kashe ajiyar ci gabanmu da wasan ke yi da kansa.

Sai batun zanen gini da ake kwafowa daga intanet. Ba na haramta shi. Marabar da ke daidaita bel takwas, ku kwafa abinku, ba kowa ke da lokacin wannan ba. Amma ɗauko masana'antar wani sukutum a dasa, ranar da ta tsaya ba za ku san ta inda za ku kama ba, kuma za ta tsaya. Ku fara gina naku ko da karkatacce ne, sannan ku dubi na gwanaye ku ga inda suka fi ku. Wannan ya ƙara zama dole tun fitowar ƙarin Space Age ranar 21 ga Oktoba 2024. A duniyar Gleba kayan aiki ruɓewa suke yi a kan bel, cikakken bel ɗin da kuka saba murna da shi a Nauvis, duniyar farko, can asara ne. A Fulgora kuwa daga bola ake tsinto kaya, a gauraye. Wanda bai iya karanta layinsa ba, babu zanen da zai fisshe shi.

Ƙwari ba sa buƙatar dogon bayani: hayaƙinku ne ke kiran su idan ya isa sheƙarsu, don haka ku riƙa kunna jan tabon hayaƙi a taswira ku share sheƙun da yake dosa. Jirgin ƙasa ma haka, siginar sarƙa a mashigar mahaɗa, sigina ta gama-gari a mafita, ku bar tazarar da jirgi zai shige dukansa.

Ku kuma tsofaffin hannu, ina da roƙo. In ƙani ya kawo muku hoton masana'antarsa yana jin kunya, kada ku ce masa ya rushe, kada ku tura masa zanenku. Ku tambaye shi me ya tsaya, ku bi bel ɗin tare har ku isa wurin, ku nuna masa abu ɗaya, ku bar masa sauran. Wanda kuma bai fara ba, akwai na gwaji kyauta, ku ce ya soma da shi. Kada ya zauna jiran rangwame, kamfanin ba ya yi.

Wassalam.

Naku,
Ɗan'uwanku a wannan wasa