Aikin sa kai ko wahalar banza?

Jama'a, yau ba maganar siyasa zan yi ba. Wani abu ne ya same ni, kuma na san akwai irina da yawa da suka fara hango ritaya.

Kun san ƙa'idar aikin gwamnati: shekara 60 a duniya ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga cika, sai ka tattara ka koma gida. Ni kuwa na haura arba'in. Kundin tsarin mulkin 1999 ya hana cikakken ma'aikaci gudanar da kasuwanci na kansa, noma kaɗai aka ɗaga masa ƙafa. Gonar akwai, alhamdu lillahi, amma abin da raina ya daɗe yana so shi ne rubutu, kuma ba na son sai ranar da aka miƙo min takardar sallama sannan in fara koyo.

Watan jiya na ga sanarwar wata ƙungiya a birnin Kano tana neman 'yan sa kai masu rubutu da Hausa. Na cike fom, na tura gajerun labarai biyu, suka kira ni. Ga sharuɗɗan: kwana uku a mako har da ranakun aiki, kuɗin mota daga aljihuna, kuma duk abin da na rubuta da sunan ƙungiya zai fita. Na ce to wa zai riƙa duba min rubutun yana gyarawa? Sai yarinyar da ke tantance mu ta yi murmushi ta ce, "Baba, ai gogewa za ka samu." Baba fa! Wannan ma kaɗai ya isa ya tuna min lokaci ba ya jira.

Duk mai hawa mota daga Kwanar Dangora zuwa Kano tun bayan cire tallafin mai a 2023 ya san me zuwa uku a mako ke nufi ga albashi. Kuma in riƙa sulalewa daga ofis ranar aiki, ai wannan cin amana ne, ko da kuwa wasu sun mai da shi ruwan dare.

Kada a fahimce ni a baibai, ba na ƙin aikin sa kai. Su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da suka haɗu a ƙungiyar Raina Kama, ba gwamnati ce ta ɗauki nauyinsu ba, taimakon juna suka yi har littattafansu suka cika kasuwa. Amma a nan kowa da sunansa a bangon littafinsa. Ku dubi Abubakar Imam ma. Malami ne a makarantar Midil ta Katsina lokacin da ya shiga gasar rubutu ta 1933 da Ruwan Bagaja. Bayan nan ya je Zariya ya yi aiki tare da Rupert East, aka samu Magana Jari Ce, a 1939 kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ma'aikaci ne kamarmu, amma ya samu abu biyu: wanda ya zauna da shi a kan rubutunsa, da kuma sunansa a kan aikinsa. Duk sa kan da ba zai ba sabon marubuci ko ɗaya daga cikin biyun nan ba, wallahi ba koyarwa ba ce, ma'aikaci ake nema na kyauta.

A hanyar dawowa ne wani tunani ya zo min. Me ya kai ni birni neman abin rubutawa? A Riruwai akwai tsofaffin da suka yi haƙar kuza da hannunsu. A Bebeji akwai waɗanda suka ga ginin madatsar ruwan Tiga a shekarun 1970, suka san yadda gonaki suka koma ƙarƙashin ruwa. Direbobin hanyar Jos kowa da labarinsa na dajin Falgore. Ga manoman shinkafar Tudun Wada. Tsofaffin nan tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya da labarinsu a baki, mu kuma 'yan bokon yankin muna can muna cike fom.

Don haka na ba ƙungiyar haƙuri. Na nemi izinin shugaban wata firamare da ke kusa da mu, Asabar da Lahadi bayan la'asar ina koya wa magidanta karatu da rubutu. In mun tashi, wanda ya yarda sai in zauna da shi in ɗauki labarinsa a waya, in rubuta, in dawo in karanta masa ya gyara ni. Kuma suna gyarawa, babu kara.

Wani abokin aikina ya ce na rufe wa kaina ƙofa, don gidajen rediyo da maɗaba'u da manyan marubuta duk a Kano suke, kuma ajin ƙauye ba ya ba da takardar shaida. Yana da gaskiyarsa, abin yana damuna ni ma. Shi ya sa na ƙudurta zan riƙa shiga birni sau ɗaya a wata in nemi zaman marubuta na ANA reshen Kano, in karanta abin da na rubuta a soke ni.

Asabar ɗin da ta wuce mutum tara suka zo. Ɗaya daga cikinsu, dattijo mai sayar da rake, ya rubuta sunansa da kansa karo na farko, sannan ya ce in tanadi caji a wayata, labarinsa ba zai ƙare a zama ɗaya ba.