Wa ya ba ku ikon yafe ƙafar da ba taku ba?

Wata ranar Alhamis, ina cikin shirin da nake buɗe wa masu sauraro layi, wata mata ta bugo daga wajen Pitowa. Mijinta ɗan dako ne. Yana tsaye bakin titin Garwa zuwa Marwa babbar mota ta kwashe shi, ƙashin bayansa ya karye, daga ƙugu zuwa ƙasa babu motsi. Na ce, "Baiwar Allah, an biya ku diyya?" Ta ce, "Manya sun zauna, an yafe." Mai motar ya biya kuɗin asibiti na sati biyu, ya ajiye jaka hamsin da buhun masara, aka shafa fatiha, kowa ya kaɗe rigarsa. Yau shekara uku ita ke juya shi a shimfiɗa, ita ke kwashe masa bayan gida, ita ke suyar ƙosai don yara huɗu su ci.

Ina girmama dattawanmu, amma a nan ban yarda da su ba. Wanda ya ce "mun yafe" a zaure da ƙafarsa ya koma gida. Wanda aka yafe da sunansa kuwa yana kwance a asibiti, ko tambayarsa ba a yi ba.

Za a ce ƙaddara ce. Haka ne, kuma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya ajiye diyya. Duk wanda ya yi karatun Risala a zaure ya san hannu ɗaya rabin diyya ne, ƙafa biyu diyya cikakkiya, raƙumi ɗari. A ina buhun masara ya shigo? Yafiya alheri ce, amma haƙƙin mai rauni ce, ba ta kawunsa ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kuɗin nan sau da yawa ba daga aljihun direba za su fito ba. Kamaru tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CIMA a Yawunde a 1992, dokar inshorar ta fara aiki a 1995. Dole ne kowace mota da kowane babur su yanki asiransi. Kamfanin inshora ne doka ta ɗora wa ya gabatar wa wanda ya ji rauni tayin diyya cikin wa'adi, idan ba a daidaita ba a tafi kotu. Ke nan duk sulhun da ya hana a bi takardar jandarma, kamfani aka yi wa kyauta, kamfanin da ko gaisuwar jinya bai zo ba.

Ba ina cewa dokar nan adala ce ba. Sai likita ya auna nakasar mutum ta kai kashi 50 cikin ɗari kafin a lissafa masa asarar sana'a, sai ta kai kashi 80 kafin a biya kuɗin mai jinya. An kuma ɗaure lissafin da mafi ƙarancin albashi, aka yi masa rufi, ga shi ɗan dako ba shi da takardar albashin da zai nuna. Takardun duk da Faransanci, ga sintiri tsakanin asibiti da ofis ga wanda ba ya iya tashi. Kaɗan ne, na sani. Amma kaɗan ɗin nan ya isa keken guragu da katifa da jarin da zai sauke matar nan daga bakin kasko.

Bayan shirin na sake kiranta. Jandarma sun zo ranar, sun auna, sun rubuta. Na gaya mata doka ta ba da shekara biyar daga ranar haɗari, saura mata biyu, ta nemi kwafin takardar da shaidar likita ta ga lauya. Ta yi shiru, sannan ta ce sai ta ji ta bakin yayan mijinta, don shi ya karɓi jaka hamsin ɗin.